Filin Tambaya da Amsa: Wai Jin Yaren Asiya Kaɗai Ya Isa Mutum Ya Zama Tafinta?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato aikin tafinta da fassara na yarukan Asiya ga mutumin da ba ya ƙarƙashin kowa, shi ne ogan kansa kuma shi ne yaron kansa. Na tsinto waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya, wasu na ɗan rage musu tsawo don wallahi akwai wanda gaisuwarsa kaɗai ta cika shafi.

Tambaya: Salam Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Ni shekara huɗu na yi ina karatu a ƙasar Sin kuma na ci jarabawar ƙwarewa a Sinanci ta HSK mataki na 5, ina hira da Sinawa ba wata matsala har barkwanci muna yi. Yanzu inaso in fara aikin tafinta na ƙashin kaina, shi ne nake tambaya wannan satifiket ɗin ya wadatar ko akwai abun da zan ƙara? Don wlh wani abokina cewa ya yi in buga kati kawai in fara. Daga wani ƙaninka.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Abokin naka yana sonka amma ba shi zai tsaya tsakanin mutum biyu da ke jayayya kan kwangila ba, kai ne za ka tsaya. HSK 5 a tsohon tsari kalmomi 2,500 take nema, mataki na 6 kuma 5,000, kuma abin da take aunawa shi ne kana jin yaren, ba ta auna ko za ka iya ɗauke maganar wani ka sauke ta a wani yaren ba tare da ka zubar da rabi a hanya ba. Ita ma JLPT ta Japananci haka take, daga N5 har N1 babu inda ake cewa buɗe baki ka yi magana. Jarabawar da aka yi domin wannan sana'ar daban ce, a Sin akwai CATTI da aka fara a 2003, kuma su ma sun raba ta biyu, ta masu fassarar rubutu daban ta tafintoci daban. A Ostireliya hukumar NAATI ce ke ba da shaida. Wannan rabuwar da suka yi ita ce farkon abin da ya kamata ka gane, mai fassara yana zaune da ƙamus da lokaci, in kalma ta gagare shi sai ya miƙe ya zaga ya dawo, tafinta kuwa ba shi da wannan gatan, idanu huɗu ko goma na kansa ana jira ya buɗe baki.

Shi kansa aikin tafintan kala-kala ne. Akwai na bi-da-bi, mai magana ya yi minti biyu ko biyar ya tsaya kai kuma ka maimaita, kana riƙe da ɗan littafi kana zana alamomi. Akwai na nan-take, wanda ake shiga ɗakin gilashi da abin sawa a kunne, mutum na magana kai ma kana yi, wannan tun shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi a Jamus daga 1945 zuwa 1946 ya samu gindin zama. Sai na raɗa, ka zauna bayan mutum ɗaya ko biyu kana sa musu a kunne. Kai da na bi-da-bi za ka fara, kar ka yi garaje.

Bari in ba ka labarin abin da ya taɓa faruwa da ni don ka san inda ramin yake. Farkon shigata harkar, ina zaune a wani ɗakin mitin na wata masana'anta, mai saye a damana, manajan a haguna, ana maganar yawan kwalayen da za su iya bugawa a wata. Manajan ya ce "wushi wan". Na ji "wushi" hamsin ne, kaina ya yi tsalle na ce dubu hamsin. Mai sayen ya ɓata rai ya fara tattara takardunsa wai ai wannan ba za ta kai shi ko'ina ba. Allah ya taimake ni manajan ya ga fuskar mutumin ta canza, ya jawo kalkuleta ya danna lambar ya turo tsakiyar tebur, 500,000. Gumin da ya karyo min ranar har cikin takalmi. Su Sinawa ba da dubu suke ƙirga manyan lambobi ba, da "wan" suke yi, wato 10,000, sai "yi" wato miliyan 100. Japanawa suna da "man" da "oku" a daidai wannan ma'aunin, Koriyawa ma haka. Indiyawa kuma ga "lakh" 100,000 ga "crore" miliyan 10, har waƙafin da suke sawa a lamba daban yake, 1,00,000 suke rubutawa. Tun ranar kafin kowane mitin sai na ja layuka a saman shafina, kowane sifili huɗu layi ɗaya, in an faɗi lamba sai na rubuta ta a gurbinta tukun in buɗe baki, in kuma babba ce in juya littafin kowa ya gani da idonsa.

To abin da za ka yi kafin katin: ɗauki labaran rediyo na Sinanci na minti uku kullum, ka saurara sau ɗaya tak, ka faɗa da yarenka kana naɗar muryarka a waya, sannan ka koma ka gwada da na asali ka ga me ka yar. Sati na farko za ka ji kunyar kanka, kowa ya ji. Ka zaɓi fanni ɗaya ko biyu ka haddace kalmominsu, injina ne ko magunguna ko shari'a ko jigilar kaya, don hirar ɗakin kwanan ɗalibai ba ta koya wa mutum sunan sassan injin. Kuma ka gyara yaren da za ka sauke maganar a cikinsa, da yawa suna ta ƙoƙarin Sinanci sun manta Hausarsu ko Turancinsu ne ke da rauni.

Tambaya: Malam ni ban fara komai ba tukun, wane yare ne a Asiya ya fi sauƙi kuma ya fi kawo aiki? Ina tsoron in ɓata shekaru a banza.

Amsa: Ɗan'uwa waɗannan biyun da ka haɗa ba kasafai suke kwana gida ɗaya ba. Makarantar koyar da yaruka ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da wani lissafi da ta yi wa ma'aikatanta masu jin Turanci: Sinanci da Japananci da Koriyanci da Larabci sati 88, wajen awa 2,200 a aji. Hindi da Urdu da yaren Tailan da na Biyetnam sati 44. Yaren Indunusiya da na Malesiya sati 36, don da haruffan boko ake rubuta su kuma ba ruwansu da hawa da saukar murya. Wannan fa lissafin wanda ba shi da wani aiki ne sai karatun, kuma matakin iya aiki da yaren ake nufi, na tafinta yana gaba.

Amma mu muna da wata riba da ba ma lura da ita. Bature yana shan wuya da karin sautin Sinanci, ka ce masa "ma" na iya zama uwa ko doki ko zagi gwargwadon yanda muryarka ta hau ko ta sauka sai ya dafe kai, alhali kai tun kana goye kake bambanta wuya na jiki da wuya ta wahala, da kai na nuni da kai na ɗaukar kaya, ba wanda ya zaunar da kai. Kunnenka ya riga ya buɗe. Mandarin, wato babban yaren Sin, sauti huɗu gare shi, na Tailan biyar, Kantonis na kudancin Sin da Hong Kong da kuma na Biyetnam shida. Inda za ka ji jiki shi ne rubutu, Japananci kaɗai tsarin rubutu uku yake cakuɗawa kuma jerin kanji, wato haruffan da suka aro daga Sinanci, na yau da kullum guda 2,136 ne. Na Koriya kuwa, Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443, haruffa 24 ne na asali, a sati ɗaya ka iya karantawa, sai dai nahawun ne zai rama masa. Shawarata ka zaɓi wanda za ka iya jure jinsa shekara biyar ba ka gaji ba, kuma wanda kake da hanyar samun masu magana da shi kullum.

Tambaya: Malam barka da aiki. Wani kamfani ya ba ni takardar bayanin kayansu shafi goma sha biyu in mayar Sinanci, na yi kwana huɗu a kai ko barcin kirki ban yi ba, na tura, sai suka dawo min da ita wai abokan hulɗarsu a Taiwan sun ce ba irin rubutunsu ba ne, yanzu suna cewa ba za su biya ba sai na sake. Ni dai Sinanci aka ce min kuma Sinanci na yi. Laifin waye don Allah? Ƙanwarka ce.

Amsa: Ƙanwata sannu, na san zafin nan. Amma tunda gaskiya kika nema, laifin rabi da rabi ne kuma rabinki ya ɗan fi nauyi, saboda shi kwastoma bai sani ba, ke kika sani, shi ya sa ya neme ki. Duk wanda ya ce miki "Sinanci" tambayar farko ita ce waye zai karanta kuma a ina yake. Babban yankin Sin da Singafo suna amfani da sauƙaƙƙen rubutu da aka fara fitarwa a 1956, Taiwan da Hong Kong da Macau suna kan na gargajiya. Kar kuma ki ce ai akwai manhajar da ke juya wannan zuwa wancan da dannawa ɗaya, galibi siffar harafin take juyawa, kalmomin ba duka ta san sun bambanta ba. Manhaja kanta a Beijing "ruanjian" ce, a Taipei "ruanti". Kuma na Hong Kong ma ba daidai yake da na Taiwan ba duk da rubutun iri ɗaya ne. In ba ki saba da na Taiwan ba ki nemo wanda ya tashi a ciki ya duba miki, ki raba ladan da shi, ya fi ki sake tura abin da za a dawo da shi karo na biyu.

In aikin baki ne kuma tambayar ita ce Mandarin ko Kantonis, don mai jin ɗaya ba lallai ya ji ɗayan ba. Haka Hindi da Urdu, a hirar yau da gobe kusan abu ɗaya ne, amma a takarda ɗaya da Devanagari ake rubuta shi daga hagu, ɗayan da haruffan Larabci daga dama, kuma da an shiga maganar shari'a ko ta ilimi Hindi sai ya jawo kalmomi daga Sanskrit shi kuma Urdu daga Farisanci da Larabci, nan take a rabu.

Tunda mun shigo nan bari in ƙara miki wasu ramukan da ke cikin takardun shaida, don su ne abincin yau da kullum na mai fassara mai zaman kansa, takardar haihuwa, ta aure, ta makaranta. Kin ga shekara 114 a takardar Taiwan, ba kuskuren bugu ba ne, 2025 ake nufi, suna ƙirgawa ne daga kafuwar jamhuriya, ki ƙara 1911 ki samu namu. Ta Japan za ki ga Reiwa 7, ita ma 2025 ce, zamanin Reiwa ya fara 1 ga Mayu 2019. Ta Tailan kuma 2568, ki cire 543. Sai suna, Sinawa da Japanawa da Koriyawa da 'yan Biyetnam sunan dangi suke fara sawa, in kika juya shi ba daidai ba kin canza wa mutum uba a takardar biza. Sunan Bajapane kuwa ko kin iya kanji kar ki yi ƙiyasin yanda ake furta shi, harafi ɗaya na iya karantuwa hanya uku ko fiye, ki ce a turo miki hoton fasfo ki kwafi yanda aka rubuta.

Game da biyan, ki rubuta musu cikin ladabi cewa umarnin farko bai ambaci Taiwan ba, don haka gyaran ƙarin aiki ne, amma kin yarda ki sassauta. Yawanci ana daidaitawa a nan.

Tambaya: Ya ake lissafin ladan aikin nan ne, kuma ta ina ake samun kwastomomi? Na yi rajista a shafuka uku wata biyu shiru kake ji.

Amsa: Wata biyu ai ko zama ba ka gyara ba malam. Shafukan masu fassara irin su ProZ, wanda yake nan tun 1999, ba rajista kawai ake yi a kwanta ba, sai ka cika bayananka tsaf, ka faɗi daga wane yare zuwa wane, wane fanni, ka sa samfurin aikinka. Galibin aikin farko daga ejansin fassara yake zuwa, za su ba ka gwaji kyauta, in kalma 200 zuwa 300 ce ka yi, in kuwa suka turo shafi biyar suka ce gwaji ne to aiki suke son a yi musu a ɓagas. Na baki kuma yawanci daga bakin wanda ka yi wa aiki ya ji daɗi yake zuwa, sai lokutan baje koli irin na Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957.

Lissafi kuwa akwai tarko. Sinanci da Japananci da yaren Tailan ba sa barin fili tsakanin kalmomi, saboda haka in daga su kake fassarawa ba a cewa "kalma nawa", harafi ake ƙirgawa a Sinanci da Japananci, kuma dole ku yarda tun farko na asalin za a ƙirga ko na fassarar, don bambancin ba ƙarami ba ne. Ka sa mafi ƙarancin abin da kake karɓa ko da layi uku ne, don buɗe fayil da amsa imel ma lokaci ne. Tafinta kuma da wuni ko rabin wuni ake yi, ka rubuta me zai faru in an wuce lokaci, da me zai faru in an soke ana gobe bayan kai ka ƙi karɓar wani aikin. Kar ka taɓa harafi ɗaya sai ka ga umarnin aiki a rubuce da ranar biya, wasu kwana 30 wasu 60. Kafin ka amince da ejansi ka leƙa inda masu fassara ke ba su maki, ProZ na da irin wannan allon. Wanda duk ya turo maka cek da ya fi abin da kuka yi sannan ya ce mayar masa da ragowar, ɗan damfara ne, cek ɗin na bogi ne. Ka kuma riƙa duba agogonsu, in aka ce ƙarfe 9 na safe ka tambaya na ina, Tokyo da Seoul suna gaban Beijing da awa ɗaya, ita kuma Indiya har da rabin awa a lissafinta. Ana gab da hutun sabuwar shekarar Sinawa ko hutun Japan na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu aiki zai taso maka kamar ruwan sama, sannan a yi ɗif, ka san yanda za ka tanadi na ranar shirun.

Tambaya: Malam akwai abun da ke damuna. Na raka wani ɗan kasuwa mitin da wasu Japanawa, ya gabatar da buƙatarsa suna ta "hai hai" suna gyaɗa kai, a ƙarshe babbansu ya ce za su duba, ni kuma na faɗa masa haka, za su duba. Ya fita yana murna har ya fara shiri, wata uku ba labari, yanzu ni yake zargi wai na rufe shi. Sannan a tsakiyar mitin ɗin sun yi ƙus-ƙus a junansu ya matsa min sai na faɗa masa me suka ce. Me ya kamata in yi a irin wannan?

Amsa: Yauwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a duk tarin, don a nan ake gane tafinta. "Hai" a irin wannan zaman sau da yawa ma'anarta "ina jinka, ci gaba", kamar yanda mu ma muke "to, to" mutum na ta zuba ba wai mun yarda ba. "Kento shimasu" kuwa a ƙamus "za mu duba" ce, amma a bakin ɗan kasuwar Japan sau da yawa hanyar rufe ƙofa ce a hankali don kar ta yi ƙara. In kuma ka ji ya ja iska ta haƙora ya ce "muzukashii desu ne", wai abin da ɗan wuya, to ka ɗauka an gama. Ba ƙarya ka yi ba, kalmar ka kai amma saƙon ka bari a tebur.

Sai dai kar ka ce daga yau in sun ce za su duba kai kuma ka juya ka ce "sun ƙi". Wannan ma kuskure ne, wataƙila ma ya fi na farko, don ka sa musu magana a baki, kuma wani lokacin da gaske dubawar za su yi, kamfanonin Japan ba mutum ɗaya ke yanke hukunci a tebur ba sai takarda ta zaga. Abin da nake yi shi ne in fassara abin da aka faɗa yanda aka faɗe shi, in mun fito in ce wa wanda ya ɗauke ni, ranka ya daɗe yanzu ni ne ke magana ba su ba, wannan lafazin a wajensu yakan zo da ma'anar a'a, kar ka ɗora shiri a kai sai ka ga takarda. Ka raba muryarka da tasu ya san wacce ce wacce. Abin ba na yau ba ne, a watan Yulin 1945 Firaministan Japan Suzuki Kantaro ya yi amfani da kalmar "mokusatsu" game da sanarwar Potsdam da ta nemi Japan ta miƙa wuya a yaƙin duniya na biyu, haruffanta biyu shiru da kisa, ana iya jinta a matsayin "ba mu ce komai ba tukun" ana kuma iya jinta a matsayin "mun yi watsi da ita", da ta biyun ta isa kunnen duniya, har yau masana tarihi na jayayya kan me ya nufa da kuma ko da ta canza wani abu.

Batun ƙus-ƙus kuma maganinsa tun kafin a zauna ne. Da an gama gaisawa ka faɗa da yaren kowane ɓangare cewa duk abin da aka furta a ɗakin nan ka ji za ka fassara, wanda ke son sirri ya fita waje. Da ka faɗi haka ka huta, ba wanda zai ce ka yi masa leƙen asiri, ba kuma wanda zai ce ka ɓoye. A kotu da asibiti wannan ƙa'ida ce ma ba zaɓi ba. Kuma ka riƙa magana da "ni", in likita ya ce "ina so in duba ka" kai ma haka za ka ce, ban da "wai ya ce yana so", yana cinye lokaci kuma yana rikita waye ya ce me. In aka yi zagi kar ka mayar da shi yabo, ka kai zafin gwargwadon yanda ya zo, mutum na da haƙƙin sanin an ɓata masa. In ba ka gane ba ka ce tafinta na neman a maimaita, ba abin kunya ba ne, ƙirƙira ce abin kunya.

Akwai kuma wanda ba ka tambaya ba amma zai same ka. Wata rana ɗaya ɓangaren zai ja ka gefe wajen shan iska ya ce in cinikin ya faɗa akwai naka kason, kai dai ka lallaɓa mutuminka. An taɓa min, har da dafa kafaɗa. Ranar da ka karɓa ka tashi daga tafinta ka koma dillali a ɓoye, kuma harkar nan ƙarama ce, labari na zagawa fiye da yanda kake zato.

Tambaya: An kira ni taron wuni guda na nan-take daga Koriyanci, ni kaɗai, wai ba kuɗin ɗaukar mutum biyu. In karɓa?

Amsa: A'a. Ƙa'idar aikin mutum biyu ne a ɗaki suna karɓar juna duk bayan kamar minti 30, haka ƙungiyar tafintocin taro ta duniya AIIC, wadda aka kafa a 1953, ta tsaya a kai, don bayan nan ƙwaƙwalwa na fara zubar da magana kai ba ka ma sani ba. Balle Koriyanci da aikatau ke zuwa a ƙarshen jimla kamar Japananci da Hindi, sai mutum ya kai ƙarshe kake sanin "za mu yi" zai ce ko "ba za mu yi ba", kana riƙe da jimla guda a ka kana jiran wutsiyarta. Ka ce musu ko a kawo na biyu ko a mayar da shi bi-da-bi da hutu a tsakani.

Tambaya: Malam tsakani da Allah wannan sana'ar tana da sauran kwana kuwa? Yanzu fa kowa waya yake ɗagawa ta fassara masa. Ni uwa ce, 'yata ke son karanta Japananci shi ya sa nake tambaya.

Amsa: Hajiya ba zan ɓoye miki ba, injin ya ci wani ɓangare na kasuwar kuma ba zai dawo da shi ba. Google Translate ya fito a 2006, a 2016 ya koma sabon tsarin da ya sa fassararsa ta yi santsi, DeepL ya biyo a 2017, yanzu ga manhajojin hira. Ƙananan ayyuka irin su wasiƙar gaisuwa da bayanin kaya da yawa sun tafi. Abin da ejansi ke turowa yanzu sau da yawa shi ne gyaran abin da inji ya fassara, har ƙa'ida aka fitar masa, ISO 18587 a 2017, ladansa bai kai na fassara daga tushe ba alhali wani lokacin ya fi ta cin rai, don kuskuren injin yanzu ba ya ihu, jimla ce lafiyayya mai daɗin karatu amma ta juya ma'anar.

Yarukan nan kuwa suna da inda suke kayar da shi. Japananci da Koriyanci suna yawan barin mai aikata abu ba a ambata ba, jimla ta ce "ya sa hannu" ba tare da "ya" ɗin ba, sai wanda ya san zancen ne ya san waye. Mu kuma Hausa ba ta yarda da wannan, dole ki zaɓa, ya ko ta, ka ko ki. A Sinancin baki "ta" ɗaya ce ga mace da namiji. To injin sai ya yi caca, kuma tunda galibi ta Turanci yake bi kafin ya iso yarukanmu, cacar sau biyu ce. Kwanan baya aka kawo min wata yarjejeniya in duba, injin ya ɗora wa mai saye nauyin biyan inshorar kaya alhali a asalin mai sayarwa ake nufi, layi ɗaya tal a shafi na tara, na gano ne don girmamawar da ke jikin aikatau ɗin ta nuna ba kansu suke nufi ba. Sannan akwai sirri, kamfanoni da yawa suna sa ka sa hannu cewa ba za ka zuba takardarsu a manhajar kyauta ba.

Ki bar ta ta karanta, amma ki ce mata ta haɗa da wani fanni, shari'a ko kiwon lafiya ko injiniyanci ko harkar kuɗi, ta yanda in ta ga kuskuren za ta san kuskure ne. Ta koyi manhajojin aikin tun tana makaranta, Trados da memoQ su ejansi suka fi tambaya, OmegaT kuma kyauta ce ta fara da ita. JLPT a watan Yuli da Disamba ake yi, wasu wuraren sau ɗaya kawai a shekara, ta duba na inda take da wuri don rajistar na rufewa watanni kafin ranar.